Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

A kowane asibitin da ake aikin fiɗa akwai wata takarda da ake miƙa wa majinyaci ko danginsa kafin a shiga da shi ɗakin aiki. A Nijar da Faransanci ake rubuta ta, a Gana da Nijeriya kuwa da Ingilishi. A tsakiyarta akwai kalma ɗaya doguwa, ita ce sunan aikin da za a yi. Sau da yawa mai sa hannu, ko mai dangwala babban yatsa, bai san ma'anar kalmar nan ba. Abin da ya ji kawai shi ne, "Za a yi aiki." Wani sai ya farka daga maganin barci, sa'an nan ya tarar an raba shi da wani sashen jikinsa har abada. Wata kuwa sai ta yi shekaru tana zuba ido ga haihuwa, tana shan saiwoyi, kafin a faɗa mata cewa tun ranar nan ba ta da mahaifa.

Masu ɓoyewa ba mugaye ba ne. Miji ne mai tsoron kada matarsa ta ƙi aikin ta mutu, ko ɗa mai jin nauyin tsohonsa, ko ma'aikacin asibiti wanda majinyata suka yi masa yawa. Domin haka tambayar tana da nauyi: ko daidai ne a ɓoye wa mutum sunan abin da za a cire daga jikinsa, idan an yi haka da nufin ceton ransa? Kafin a amsa, ya kamata a fara duba kalmomin da kansu.

Abin da kalmomin suke faɗa

Likitocin Turai sun aro yawancin sunayen aikin fiɗa daga Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi. Kowane suna yana da kai da wutsiya. Kan shi ne sunan gaɓar, wutsiyar kuwa tana faɗin abin da za a yi mata. Wutsiyar da aka fi gani ita ce "ektomi", watau a yanke a fitar. Mahaifa a Helenanci "histera" ce, saboda haka "histerektomi" cire mahaifa ke nan. "Mastos" nono ne, "mastektomi" kuwa cire nono. "Nefros" ƙoda ce, "nefrektomi" cire ƙoda. "Splenektomi" cire saifa ne. "Kolesistektomi", duk da tsawonta, cire matsarmama kawai take nufi, gama "kole" shi ne ruwan ɗacin, "kistis" kuma jakarsa. "Apendisektomi" shi ne cire ɗan guntun hanjin nan mai kama da tsutsa da ke gefen dama na mara, wanda in ya kumbura ya fashe yakan yi kisa. Yanke hannu ko ƙafa kuwa, Faransawa suna ce da shi "amputasiyo", kalmar da ta fito daga Latinanci.

Akwai waɗansu wutsiyoyi biyu masu kama da ta fari. "Tomi" tsagawa ce kawai, kamar "laparotomi", watau a buɗe ciki a duba abin da ke damun mutum. "Stomi" kuwa daga kalmar baki ta fito, tana nufin a buɗe wata sabuwar ƙofa a jiki, kamar "kolostomi", inda ake fito da bakin hanji ta gefen ciki domin bayan gida ya riƙa zuba cikin ƴar jaka. Haruffa biyu ne kawai suka raba "tomi" da "ektomi", amma a rayuwar mutum tazararsu tana da nisa ƙwarai. A ɗaya an buɗe an rufe, a ɗaya kuwa an fitar da abin da ba zai komo ba.

A bakin ƙofar asibiti, dukan waɗannan sukan taru su zama kalma ɗaya, "aiki". In an ƙara bayani, sai a ce "za a ɗan gyara", ko "za a wanke ciki", ko "za a juya mahaifa". Wankin ciki aiki ne dabam, wanda akan yi wa mace bayan ɓari, mahaifarta kuwa tana nan. Juyin mahaifa shi ne sunan da mutane suka ba ɗaurin hanyoyin ƙwai domin tsai da haihuwa. Duk mai jin Hausa ya san abin da aka juya ana iya juyo shi. Macen da aka cire wa mahaifa, aka ce mata juyawa aka yi, an ba ta sa zuciya ga abin da ba zai yiwu ba.

Ko mutanen ƙauye za su gane?

Hujja ta fari da akan kawo ita ce, wai wanda bai shiga makaranta ba, ba zai fahimci zancen likita ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Duk matar da ta taɓa gyara kayan cikin rago ta san hanta, da ƙoda, da saifa, da huhu, da tumbi, ta kuma san yadda ake zare matsarmama a hankali kada ta fashe ta ɓata nama. Mahaucin kasuwar Maraɗi ya fi ɗan makaranta sanin inda kowace take zaune. Tun kafin zuwan asibiti wanzamai suke cire belun jarirai, aikin da likitoci suke ce da shi "uvulektomi", suna kuma gargaɗi a kansa saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ba a taɓa jin uwar da ta kasa gane abin da wanzami ya zo cirewa ba. Hausa tana da sunan kusan kowace gaɓa, tana kuma da kalmomin cirewa, da yankewa, da tsagawa, da ɗinkewa. Abin da yakan rasa shi ne mai haƙurin zama ya fassara.

A nan ne aikin tafinta yake da girma. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar likitoci daga ƙasashe dabam dabam, yawancin majinyatansa kuwa Hausa suke ji. Haka yake a wurare da yawa: maganar likita sai ta bi ta bakin wani kafin ta kai kunnen mai ciwo. Wani lokaci tafintan ma'aikaci ne, wani lokaci ɗan'uwa ne da ya yi makaranta, ko malamin ikkilisiya da ya rako mara lafiya. In ya rage magana domin tausayi, likita zai ɗauka an yarda, majinyaci kuma zai ɗauka ya ji duka, alhali kuwa ba su sadu ba.

Abin da cirewa take bari a baya

Dalili na biyu da ya sa ɓoyewa take da haɗari shi ne, kowace gaɓa tana da aikinta, in ta tafi sai jiki ya sake tsari. Likitocin da kansu da wahala suka koyi wannan. A birnin Bern na ƙasar Suwizalan an yi wani gwanin fiɗa mai suna Theodor Kocher, wanda ya shahara wajen cire maƙoƙo. A 1883 ya ba da rahoto cewa da ya sake duba mutanen da ya cire wa ƙullin maƙogwaron nan gaba ɗaya, ya tarar yawancinsu sun zama masu kasala, jikinsu ya kumbura, tunaninsu ya yi nauyi, yara kuma sun daina girma. Ashe ƙullin yana zuba wani sinadari cikin jini wanda jiki ba ya iya zama ba tare da shi ba. Kocher ya sake hanyar aikinsa, a 1909 kuma ya sami lambar yabo ta Nobel. Yau wanda aka cire wa ƙullin duka yana iya zama lafiya lau, muddin yana shan ƴar ƙwaya kowace rana har iyakar ransa. Wanda ba a gaya masa abin da aka cire ba, yaya zai san dalilin shan magani bayan miki ya warke?

Haka yake ga saifa. Ita ce take tace jini, tana taimakon jiki yaƙi da waɗansu ƙwayoyin cuta. Wanda aka cire wa ita bayan haɗarin mota ko faɗuwa daga itace, zazzaɓin cizon sauro yakan fi yi masa tsanani, yana bukatar alluran rigakafi, kuma duk sa'ad da jikinsa ya yi zafi sai ya gaggauta zuwa asibiti ya faɗi cewa ba shi da saifa. Mai ƙoda ɗaya yana iya noma, ya yi aure, ya tsufa, amma dole ya kiyayi shan magunguna barkatai, gama ba shi da ta biyu da zai dogara da ita. Macen da aka cire wa mahaifa ba za ta ƙara ganin al'ada ba, ba za ta ƙara ɗaukar ciki ba, amma zaman aurenta yana nan yadda yake. In ba a faɗa mata ba, sai ta ga wata ya wuce ba jini, ta ɗauka ciki ne, ta yi ta lissafi.

Wanda aka yanke wa ƙafa ma yana da abin da ya kamata ya sani. Yawancin irinsa sukan ji ƙaiƙayi ko zogi a ƙafar da babu ita. Wani likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarin wannan tun ƙarni na 16. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su manta da ƙafar ba. Wanda aka gaya masa tun da fari zai jure. Wanda ba a gaya masa ba zai ce sammu ne ko iska, ya kwashi ɗan abin da ya rage masa ya kai wa boka.

Tsoron kada ya gudu

Hujja mafi ƙarfi ta masu ɓoyewa ita ce tsoro. Sukan ce in an faɗa wa tsoho za a yanke ƙafar da ciwon suga ya ruɓar, ko wadda maɗori ya ɗaure da ƙarfi har jini ya daina gudu, sai ya ce a mai da shi gida. Wannan yakan faru, ba a musu. Har akwai karin magana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma a kan zumunci aka yi karin maganar, domin kada a yar da ɗan'uwa saboda laifinsa. Hannu na tsoka da ƙashi, in ya ruɓe aka bar shi, dafin yakan bi jini ya kashe mai shi.

Sai dai a lura da abin da ƙarya take haifarwa. Tsohon da aka ruɗa aka yanke masa ƙafa zai koma ƙauye ya ba da labari. Gobe maƙwabcinsa mai ƙaramin miki a yatsa zai ƙi zuwa asibiti, yana cewa can ba a faɗin gaskiya, sai mikin ya ci har gwiwa. An ceci mutum ɗaya da dabara, an kori goma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a asibiti kuwa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne suke faɗawa ciki.

Labarin mata biyu na ƙasar Amurka yana da amfani a nan. A watan Disamba na 1809 aka kira wani likita mai suna Ephraim McDowell ya duba wata mata, Jane Todd Crawford, a jihar Kentaki. Ana tsammani ciki ne ya wuce watanninsa. Ya duba ya ga ƙari ne babba a ma'ajiyar ƙwai. Ya faɗa mata a fili cewa ba ciki ba ne, cewa ƙarin zai kashe ta in an bar shi, cewa kuma aikin cire shi gwaji ne mai haɗarin mutuwa. A zamanin nan babu maganin barci, gama sai a 1846 aka fara nuna amfaninsa a bainar jama'a. Matar ta ji duka, ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa garin likitan. Ran Kirsimati aka yi aikin, aka fitar da ƙari mai nauyin kilo 10. Ta warke, ta rayu har 1842. Gaskiyar da aka faɗa mata ba ta kore ta ba.

Ta biyu ita ce Mary Schloendorff. A 1908 aka kwantar da ita a wani asibiti a birnin Niyok, aka ga ƙari a cikinta. Ta yarda a sa ta barci a duba, amma ta ce ba ta yarda a yi mata fiɗa ba. Tana barci aka cire ƙarin. Daga baya hannunta ya ruɓe har aka yanke waɗansu yatsu. Ta kai ƙara. A 1914 babbar kotun jihar ba ta ɗora wa asibitin biyan diyya ba, amma alƙali Benjamin Cardozo ya kafa magana wadda likitoci da alƙalai suke tunawa har yau: duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke shawara a kan abin da za a yi wa jikinsa, likitan da ya yi fiɗa ba da yardarsa ba kuwa ya yi masa ta'adi.

Jikin na wane ne?

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, a ƙasar Hausa miji ko uba ko babban wa ne yake yanke shawara. Gaskiya ne cewa ba a jinya a kaɗaice, kuma shawarar dangi abu ne mai kyau. Su ne masu sai da akuya su biya kuɗi, su ne masu kwana a ƙasa kusa da gado. Amma shawara dabam, ƙwace dabam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar ce za ta zauna da jikin da babu nono ko babu mahaifa, ita ce za ta ji habaicin kishiya ko na dangin miji. In an yi taro a kan jikinta tana kwance da hankalinta, ba a ko tambaye ta ba, an mai da ita kamar kayan gida.

Wannan tunani ya girmi kotunan Amurka. Toma Akwinas, babban malamin ikkilisiya wanda ya rasu a 1274, ya yi nazarin ko ya halatta a yanke wata gaɓa ta jikin mutum. Amsarsa ita ce, gaɓa domin dukan jiki take, saboda haka in ta ruɓe tana neman hallaka sauran, ya halatta a yanke ta. Amma ya haɗa da sharaɗin yardar mai gaɓar, domin shi aka danƙa wa kula da lafiyarsa. Ga mai bi, jiki amana ce daga Allah. Wanda aka ba ajiya shi ne zai ba da lissafinta, ba ya yiwuwa kuwa a ce ya ba da izini a kan abin da aka ɓoye masa. Hannun da aka sa a takarda cikin duhu, hannu ne kawai, yarda ba ta bi shi ba.

Daga nan kuma ake samun amsar wani tsoro da waɗansu suke ɓoyewa a zuci, cewa wanda aka binne ba ƙafa ko ba mahaifa zai tashi a ranar ƙarshe da rashi. Bangaskiyar ikkilisiya ita ce, Wanda ya yi mutum daga ƙasa ba zai rasa yadda zai tashe shi cikakke ba. Mutumin da ya san wannan yana iya sallama gaɓa domin ya tsira da rai, ba tare da lamirinsa ya kashe shi ba. Amma ba za a iya ta'azantar da shi da wannan magana ba, sai an fara faɗa masa abin da ke gabansa.

Inda babu zarafin tambaya

Akwai lokacin da ba a iya jiran yarda. Macen da ta kwana biyu tana naƙuda a gida har mahaifa ta fashe, aka kawo ta a sume jini yana zuba, likita ba shi da wanda zai tambaya sai wanda ya kawo ta, wani lokaci ma babu kowa. In ya ga ba ta ɗinkuwa ya cire ta, ya yi daidai, gama rai ya fi gaɓa. Amma bashin gaskiya bai faɗi ba, an dai jinkirta biyansa. In ta farfaɗo ta sami ƙarfi, wajibi ne a zauna da ita a faɗa mata abin da aka yi da dalilinsa. Haka kuma akwai mara lafiyar da zai ce da bakinsa, "Ku yi magana da ɗana, abin da ya yanke na yarda." Wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi. Bambancin shi ne, shi ya miƙa, ba a ƙwace ba.

Faɗin gaskiya kuma ba ya nufin a jefa wa mutum magana kamar dutse. Hausa tana da kawaici, tana da hanyar shiga zance mai nauyi. A zaɓi lokaci, a kore ƴan kallo, a bar wanda majinyaci ya amince da shi kusa. Mace ta fi sakewa in ungozoma ko wata dattijuwa ce take fassara mata. A fara da abin da ciwon zai yi in an bar shi, sa'an nan a ambaci gaɓar da sunanta na Hausa, a ce cirewa za a yi, a kuma faɗi yadda rayuwa za ta kasance bayan haka. In akwai lokaci, a bar shi ya kwana da maganar. In da hali, a kawo wanda aka taɓa yi wa irin aikin ya warke, gama ganinsa yana tafiya da ƙafafunsa ya fi dogon bayani.

Duk wanda ya raka mara lafiya asibiti, ko shi kansa ne a kan gado, yana da tambayoyi huɗu da bai kamata ya ji kunyar yi ba. Mene ne sunan aikin da Hausa? Buɗewa za a yi, ko cirewa? Me zai faru in ba a yi ba? Me zai sake a jiki bayan an yi, wane magani kuma za a ci gaba da sha? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi. In an sallame shi, ya riƙe takardar da aka rubuta sunan aikin, ya adana ta, domin wata rana wani likita a wani gari zai bukaci sani.

Saura nauyi ɗaya, wanda yake kan jama'a. Kalmar likita, duk da wuyarta, gaɓar kaɗai take ambata. Bakin unguwa ne yake ɗaukar sunan abin da aka rasa ya liƙa wa mutum, ya ce gurgu, ko mai dungu, ko juya. Tsoron waɗannan sunaye yana cikin abin da yake sa dangi su ɓoye, majinyaci kuma ya gudu. A jama'ar da mai ƙafa ɗaya yake riƙe da sunansa na yanka da wurin zamansa a taro, inda kuma ba a kori mace daga ɗakinta domin ta rasa mahaifa ba, faɗin gaskiya a bakin gadon asibiti zai yi sauƙi ga mai faɗa da mai ji.